Shayi da Kayan Ƙamshinsa a Tarihin Birnin Katsina

A farkon shekarar 1824 wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya sauka a Kano, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin labarin tafiyarsa ya ambaci wata ziyara da babban ɗan Sarkin Kano ya kai masa a masauki. Ya zuba wa ɗan sarki shayi, shi kuwa ya ƙi sha, ya kuma faɗi dalilinsa ba tare da kwana-kwana ba, watau ya ji an ce Baturen yana iya mai da mutum ɓera ko kyanwa ko biri. Sai da aka ba wani bara ya shanye a gabansa. A watan Mayu na wannan shekara Clapperton ya biyo ta Katsina a hanyarsa ta komawa. Idan har ɗan sarkin babbar kasuwar ƙasar Hausa yana ɗari-ɗari da wannan ruwan zafi, to, ba sai an tambayi matsayinsa wurin talakan Katsina na wancan zamani ba.

Yau kuwa duk wanda ya ratsa Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Soro bayan sallar isha'i zai ga tebur bayan tebur na masu shayi, zai kuma ga majalisun samari sun kewaye 'yar buta a kan gawayi. A cikin shekara 200 abin da ake tsoro ya zama abin da ake tarbar baƙo da shi. Yawanci akan ba da wannan labari a gajarce, a ce Turawa ne suka kawo shayi, mutane suka kwaikwaya. Wannan magana ba ta cika ba. Ganyen dai baƙo ne, babu musu, kuma ta hanyoyi dabam-dabam ya shigo. Amma ɗanɗanon da Bakatsine ke nema a cikin kofinsa, watau zafin citta da ƙamshin kanumfari da ɗan yajin masoro, ya riga ganyen zama a garin da ƙarnoni.

Tun kafin a san shayi, abin shan Bahaushe ba lami ba ne. Fura ba ta amsa sunanta sai an daka geronta da citta da kanumfari da barkono. Haka koko, haka kunun zaƙi, haka kunun kanwa da ake dama wa mai jego. Mace mai kula da gida ta san bambancin citta mai yatsu da citta mai 'ya'ya, ta san inda kimba ke gyara abu da inda take ɓata shi, ta kuma san cewa ƙwayar kanumfari biyu ado ce, goma kuwa magani ne. Wasu daga cikin waɗannan kaya na kusa ne, kamar kimba da masoro da fatake ke kawowa daga kurmi. Wasu kuwa sun sha tafiya. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na ƙasar Indonesiya ta yau, kuma sai a farkon ƙarni na 19 aka cika Zanzibar da Pemba da gonakinsa. Sunansa ma aro ne daga Larabci, ƙaranful, kamar yadda kirfa da na'a-na'a da hulba suke. Saboda haka harshen mutanen birni irin Katsina ya riga ya horu da haɗa ƙamshi iri-iri a cikin abin sha guda. Wurin da shayi ya tarar ba kowa a cikinsa ƙanƙane ne, domin ko aikin kore barci da karrama baƙo goro ya riga ya riƙe shi.

Shi ganyen, na wata bishiya ce guda ɗaya wadda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis, asalinta kudu maso yammacin ƙasar Sin da yankunan da ke maƙwabtaka da ita. Tun wajen shekarar 760 wani malamin Sin mai suna Lu Yu ya wallafa littafi sukutum a kan nomansa da dafa shi da shansa. Koren shayi da baƙin shayi duk daga wannan bishiya suke, aikin da aka yi wa ganyen bayan tsinka shi ne ya raba su. Idan aka gasa shi ko aka turara shi nan take, sai ya tsaya kore, da ɗaci mai kaifi. Idan kuwa aka murza shi aka bar shi ya sha iska, sai ya rine ya yi duhu, ruwansa ya yi ja, kamar yadda ɓarin goro ke sake launi in an tauna an ajiye. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga tarihin Katsina, domin kore ta hamada ya zo, baƙi kuwa ta teku.

Sunan kansa shaida ne. A ƙasar Sin akwai lafazi biyu, ca da te. Ƙasashen da ganyen ya isa ta tudu, irin su Farisa da Turkiyya da ƙasashen Larabawa na gabas, sun ɗauki na farko, ya zama cay ko shay. Waɗanda jiragen ruwan Holanda da Ingila suka kai wa sun ɗauki na biyu. Mutanen Maroko suna cewa atay, daga nan kuma Sanagal ta samu ataya. Bahaushe bai bi Maroko ba, ya ce shayi, kamar mutanen Tarabulus da Masar da Sudan. Wannan yana nuna cewa daga bakin Larabawan gabas aka fara jin sunan. Da ya shigo kuma sai ya dace da kalmar sha, har mai jin Hausa ya ɗauka 'yar gida ce, ko da yake ta yi karo da wata tsohuwar kalma mai ma'anar kaciya, abin da masu barkwanci ba su taɓa bari ya wuce ba. Ti na Turanci ya zo daga baya, bai kuma iya ture ta ba.

A Afirka ta Arewa shayi ya fara ne a matsayin kayan fada. A ƙarni na 18 jakadun Turai sukan kai shi Maroko cikin kyaututtukan sarki. Tashar jiragen ruwa ta Sawira, wadda Sarki Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ya gina a shekarun 1760, ita ta zama babbar ƙofarsa. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 ya yi arahar da talaka zai iya saye. Akan danganta wannan da Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da kasuwannin Rasha suka toshe wa 'yan kasuwar Ingila, suka karkato da kayansu zuwa Tanja da Sawira. Daga can raƙuma suka ɗauke shi, tare da sukari mai kai, zuwa cikin Sahara.

A nan ne tarihin shayi ya saɓa da na Katsina. Zamanin da birnin ya fi bunƙasa, watau ƙarni na 17 da na 18, zamanin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina da waɗanda suka biyo bayansu, lokacin da ayarin Gadamas da na Tawat ke sauke kaya a Katsina kafin ko'ina a ƙasar Hausa, shayi bai riga ya ƙetare hamada ba. Da ya ƙetaro kuwa, kasuwa ta riga ta tashi. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin a wajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, yaƙi tsakanin ɓangarorin biyu ya hana hanya lafiya, manyan attajirai suka yi ƙaura zuwa Kano. Heinrich Barth, wanda ya shigo Katsina a farkon 1851 ya kuma sake dawowa a 1853, ya tarar da ganuwa mai kewayen fiye da mil 13, amma ya ƙiyasta mazauna cikinta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. A lissafin da ya yi na kayan da ke shigowa Kano daga arewa akwai sukari da kanumfari da jawi da man wardi. Sai da ya isa Tumbutu ya yi maganar shayi a matsayin abin sha na kullum, can ma ya ce na Larabawa ne, ya fi ƙarfin aljihun 'yan ƙasa. Watau kayan haɗin sun riga ganyen kafuwa a kasuwa.

Waɗanda suka sa shayin hamada ya zama abin da ake gani a bakin titi su ne Buzaye. Tun da daɗewa ayarin gishirin Bilma yakan gangaro ƙasar Hausa da rani, Abzinawa su sauka a bayan gari, su sayar da gishiri da dabino, su sayi gero. A cikin ƙarni na 20 shayi ya zama jinin jikinsu. Daga baya farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, ya kashe dabbobi, ya koro dubban mutane kudu. Da yawa suka kama aikin gadi a gidajen ma'aikata da kantuna da ofisoshi. Mai gadi kuwa dare ne nasa, kuma abokin hirarsa 'yar buta ce. Yaran unguwa suka fara zama suna kallo, daga kallo sai ɗanɗanawa, daga nan sai kowace majalisa ta yi butarta. Har yau sunan da ake kiransa da shi, shayin Buzaye, yana riƙe da wannan tarihi.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda ake wannan dahuwa, domin a cikinta ilmin ɗanɗano yake. Ganyen kore ne na ƙasar Sin. Wani an naɗe shi ƙulu-ƙulu kamar albarushi, wani kuma siriri ne mai ɗan lanƙwasa kamar gira. Lambobin da ake gani a jikin kwali, irin su 3505 da 4011 da 41022, darajojin ganye ne a tsarin masu fitar da shi daga Sin, na farkon na mai ƙulu-ƙulu ne, sauran biyun na siririn. Gwani yakan fara ɗauraye ganyen da ɗan ruwan zafi ya zubar, don ya rage ƙura. Sa'an nan ya ɗora a gawayin da ya riga ya ruru, ba mai hayaƙi ba, ya bar shi ya daɗe yana tafasa a hankali. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku. Na farko shi ne mai ƙarfi, domin a cikinsa mafi yawan sinadarin da ke kore barci da wanda ke ɗaure baki suke fita, kuma mashaya na gaske ba su son a sa masa komai sai sukari. A na biyu ganyen ya riga ya buɗe, ɗacinsa ya sauka, a nan ne na'a-na'a ke samun wurin magana. Na uku ruwa-ruwa ne mai zaƙi, shi ake miƙa wa yara da wanda bai saba ba, shi ne kuma ya fi karɓar citta ko kanumfari.

Lokacin da ake jefa kowane abu ba wasa ba ne. Ƙamshin na'a-na'a mai ne da ke bin tururi, in aka tafasa ta da yawa sai ƙamshin ya tafi iska, a bar mutum da ɗanɗanon ciyawa, saboda haka daf da saukewa ake sa ta. Busasshiyar citta da kirfa da kimba kuwa itace ne, sai sun daɗe a wuta suke sakin abin da ke cikinsu. Busasshiyar citta ta fi ɗanya zafi, ɗanya ta fi ta ƙamshi. Man da ke cikin kanumfari shi ne wanda ake sa wa haƙori mai ciwo, yana kashe jin wurin da ya taɓa, don haka in ya yi yawa a buta sai harshe ya dushe, mai sha ya daina jin sauran kayan. Ruwa ma da nasa hukuncin, ruwan rijiya mai zartsi yana dusashe launi ya danne ƙamshi. Sheƙawar da ake yi daga buta zuwa finjali, a ɗaga hannu sama a mayar, ba burga kaɗai ba ce. Tana narkar da sukari, tana rage zafi, tana tayar da kumfar da ke tare ƙura ta kuma riƙe ƙamshi a bakin finjali. Duk wannan yakan ci awa guda ko fiye. Mai gaggawa ba ya shan shayin Buzaye, kuma tashi bayan kofin farko ba ladabi ba ne.

Hanya ta biyu ta bambanta da wannan ta kowace fuska. Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin hamada ya durƙushe, kaya suka koma fitowa daga Ikko. Shayin da kantunan Turawa suka kawo baƙi ne, kuma ba na Sin ba ne. A cikin ƙarni na 19 Ingila ta kafa gonakinta a Assam ta Indiya, sa'an nan a tsibirin Silon, watau Siri Lanka ta yau, inda James Taylor ya fara shuka a 1867, cuta ta kashe gonakin gahawa daga 1869, shayi ya gaje su. A 1890 Thomas Lipton ya sayi gonaki a can, sunansa kuwa ya zama sunan ganyen baki ɗaya a bakin Bahaushe. Wannan shayi an yi shi ne don a sha da madara a babban kofi, a karya kumallo, a tafi aiki. Ya bi mutanen albashi: malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, irin waɗanda Kwalejin Katsina ta fara yayewa bayan buɗe ta a 1922, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Sojojin da suka je yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945 su ma sun zauna a Indiya, inda shayi ke cikin abincin soja. Madarar gwangwani ta Peak ta shigo Nijeriya a 1954. Da burodi ya yaɗu, sai teburin mai shayi ya kafu a tasha da bakin kasuwa da ƙofar asibiti.

To, amma mai shayin Katsina bai dafa shi yadda Bature ke yi ba. Bature jiƙa ganye yake yi a ruwan zafi na 'yan mintoci, shi ke nan. Mai shayi kuwa tukunyarsa tun asuba take kan wuta da citta da kanumfari da masoro, wani ya ƙara kimba, wani na'a-na'a, watau kayan fura da na koko ne aka juye a kan ganyen Silon. Wanda ya ce a ba shi ruwan bunu, ba madara, shi ne ke jin hannun mai dahuwa sosai. Wannan ba a Katsina kaɗai ya faru ba. A Indiya ma, da kamfanoni suka tallata shayi ga talakawa a farkon ƙarni na 20, masu sayarwa a tashoshin jirgi suka zuba masa kayan yajin da suka gada, aka sami abin da duniya ta sani yau da masala cay. Ingila kanta tana da nata haɗin, Earl Grey, mai ƙamshin ɓawon wani lemo, wanda ke ɗauke da sunan Charles Grey, Firayim Minista daga 1830 zuwa 1834. Bambancin kawai shi ne, haɗin Ingila an ba shi suna an rufe shi a gwangwani, na Indiya an kai shi kasuwannin duniya, na ƙasar Hausa kuwa yana cikin ƙwaƙwalwar masu dafawa.

Aikin hajji ya buɗe hanya ta uku. Tun da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya daga shekarun 1950, tsarabar Makka ta haɗa da filas da faranti da ƙananan kofuna, da kirfa da hulba da habbatus sauda. Da su aka shigo da al'adar shan jan shayi ba madara a cikin gida, bayan abinci ko bayan buɗa-baki. Ta nan ne shayi ya shiga hannun mata sosai. A yau haɗa kayan shayi a daka a ƙulla sana'a ce ta matan aure a cikin birni, kuma yana cikin abin da ake shirya wa amarya.

Abin da ya fi rage wa wannan gado armashi ba wani baƙon ɗanɗano ba ne, sauƙi ne. A 1930 aka ƙirƙiro injin da ke yanka ganye ya niƙa shi ya dunƙule, don ya yi saurin sakin launi. Mafi yawan abin da ke cikin 'yar jakar takarda mai zare irin wannan ne, ko kuma garin da ya rage bayan an tankaɗe manyan ganye. Yana rina ruwa cikin minti ɗaya, amma ba ya jure dahuwa ta biyu, kuma wanda ya tashi da shi bai taɓa ganin ganyen shayi ya buɗe a buta ba. Bayan tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986, madarar gari ta 'yan ƙananan leda, wadda Cowbell ta fara yaɗawa a 1993, ta sa haɗin kauri ya zo daidai da kuɗin leburan kasuwa. Ba a raina wannan, domin ga mutane da yawa shi ne abincin safe. Sai dai a cikin kofin da aka loda wa madara da Bournvita da sukari cokali huɗu, ba a bambanta gwanin mai shayi da ɗan koyo. Likitoci kuma suna da tasu maganar a kan yawan sukarin, da kuma yadda shayi mai ƙarfi a kan abinci ke rage wa jiki amfana da sinadarin ƙarfe, abin da ya fi shafar mata masu ciki.

Ta fuskar tattalin arziki, ganyen har yanzu baƙo ne. A Nijeriya ana noma shayi a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, a gonakin Kakara inda ake yin Highland Tea, amma abin da ake samu bai kusa isar ƙasar ba. Baƙin ganye yana zuwa daga Kenya da Indiya da Siri Lanka, kore daga Sin. Maraɗi, garin da zuriyar sarakunan Katsina na dā suka kafa, ta daɗe tana zama zangon kayan da ake saukewa a Kwatano su ratso Nijar su shigo ta Jibiya, koren shayi na cikinsu. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, 'yar butar majalisa takan ji a jikinta.

Shekarar 2023 ta haɗa abu biyu a damina guda. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, ta Nijar da Binin kuwa ta daɗe a rufe bayan nan. A daidai wannan lokaci wata cutar ruɓa ta afka wa gonakin citta na Kachiya da Jaba da Kagarko a kudancin Jihar Kaduna, inda mafi yawan cittar Nijeriya ke fitowa, ta cinye amfanin shekarar, farashi ya ninka ya sake ninkawa. Ganyen da ya ratso teku da hamada ya yi tsada, cittar da ake nomawa tafiyar yini guda daga Katsina ita ma ta yi tsada.